Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Shagon Abincin Unguwa A Birnin Meksiko

A cikin watan Mayu na shekarar 2024 aka yi wani abu a Birnin Meksiko wanda ya sa masu sha'anin abinci na duniya suka yi ta ka-ce-na-ce. Kamfanin nan na Michelin na ƙasar Faransa, wanda aka fi sani da yin tayar mota, tun shekarar 1900 yake buga wani littafi na jagorar matafiya, tun 1926 kuwa yake ba da lambar girma da ake kira tauraro ga gidajen abincin da ma'aikatansa suka ɗanɗana suka yaba. A shekarar 2024 ɗin ne ya fara fitar da littafin da ya shafi ƙasar Meksiko, inda gidaje 18 suka sami tauraro. Galibinsu irin gidajen nan ne waɗanda sai mutum ya kama wuri tun da sauran kwanaki, aljihunsa kuma da nauyi, kafin a ba shi kujera. Amma a cikin jerin sai ga sunan wani ɗan shago da ke unguwar San Rafael, a bakin titin Ribera de San Cosme, wanda faɗinsa da tsawonsa ba su wuce ƙafa goma-goma ba. Babu kujera ko ɗaya a cikinsa, a tsaye ake cin abincinsa, sau da yawa ma a bakin titi, a tsakanin 'yan tireda masu sayar da safa da batir. Sunan shagon El Califa de León.

Nan da nan mutane suka rabu. Waɗansu suka ce kamfanin ya yi haka ne don neman suna kawai, domin a yi ta zancen littafinsa. Waɗansu kuma, musamman mazauna birnin, suka ce ai akwai shaguna ɗari a lungunan garin da suka fi wannan daɗin abinci, kowa yana ambaton na unguwarsu. Wannan gardama ta biyu ba mai ƙarewa ba ce, don kuwa ko a Kano aka tambayi mutum goma wane mai tsire ne ya fi, amsa goma za a samu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi, kuma ko shakka babu ma'aunin daidai ne. Michelin ya sha bayyana cewa masu duba masa abinci a ɓoye suke zuwa, su biya kuɗinsu kamar kowa, abin da suke aunawa kuwa shi ne kyan kayan da aka yi girkin da su, da gwanintar mai girkin, da yadda ɗanɗano ya haɗu, da kuma ko abin da aka ci yau shi za a tarar in an komo bayan wata uku. Labule da fitilu da rigar yaran gida ba sa cikin lissafin tauraro. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan tun da daɗewa da suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ya kamata a bayyana wa mai karatu abin da ake sayarwa a wurin. Tushen abincin mutanen Meksiko shi ne abin da suke kira tortiya, watau wata 'yar gurasa ce ta ƙullun masara, mai faɗin tafin hannu, marar kauri, wadda ake gasawa a kan kasko ba tare da mai ba. In aka ɗora mata nama ko wake ko ƙwai, aka zuba miyar yaji da suke kira salsa, aka lanƙwasa aka ci da hannu, to, shi ne tako. Wani mutum mai suna Juan Hernández González ne ya buɗe shagon a shekarar 1968, ya sa masa laƙabin wani shahararren mai wasa da bijimi, Rodolfo Gaona, wanda ake yi wa kirari da Halifan León, garin da aka haife shi. Wasan bijimin nasu ya ɗan yi kama da hawan ƙaho na mahauta. A lokacin da aka ba shagon tauraro, tako iri huɗu kaɗai yake sayarwa, uku na naman sa, ɗaya na alade, salsa kuwa iri biyu, ja da koriya. Mai gashin, Arturo Rivera Martínez, ya kai shekara ashirin yana tsaye a gaban farantin ƙarfen nan mai zafi. Aikinsa shi ne ya ɗauko yankan nama siriri, ya shimfiɗa a kan ƙarfen, ya barbaɗa gishiri, ya matsa lemon tsami. A gefensa akwai mai murza ƙullu tana gasa tortiya a daidai lokacin da naman ke nuna. Iyakar abin ke nan.

To, a nan ne hikimar take. Wanda yake sayar da abu huɗu ba shi da wurin ɓuya. In naman jiya ne, harshe zai gane. In wuta ta yi yawa, ko ta gaza, babu wata miya mai kauri da za ta rufa masa asiri. Gidan abincin da ya miƙo wa baƙo takarda mai ɗauke da sunan abinci iri tamanin, ya kamata baƙon ya tambayi kansa a ina aka ajiye kayan haɗa iri tamanin ɗin, tun yaushe kuma suke ajiye. Amsar ita ce firiji da gwangwani. Shagon unguwa mai abu kaɗan, abin da ya sayo da safe shi yake ƙarewa kafin a rufe, gobe kuma ya koma wurin mahaucinsa.

Amma nama ba shi ne kan maganar ba. Duk wanda ya san abincin Meksiko, tortiya yake fara dubawa, kamar yadda Bahaushe kan gane hannun mace tun daga tuƙin tuwonta kafin ya kai ga miya. Ita masara ma asalinta daga can ne. Masana sun tabbatar da cewa manoman kwarin kogin Balsas, a kudancin Meksiko, su ne suka fara mayar da wata ciyawar daji mai suna tewosinte ta zama masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma har yanzu ƙasar tana da irin masara na gado wajen kala 59, akwai fara, da rawaya, da ja, har da shuɗiya. Bayan haka sai kakanninsu suka gano wata dabara wadda ta kai shekara 3,000 ana amfani da ita. Sukan dafa tsabar masara a cikin ruwan da aka sa wa toka, ko farar ƙasa irin wadda ake samu in an ƙona dutse, su bar ta ta kwana a jiƙe, da safe su wanke, dusar ta saɓule, sa'an nan su niƙa ta da danshinta. Dafaffiyar tsabar ita ce nikstamal, ƙullun kuwa, abin mamaki, masa suke ce masa, ko da yake ba shi da dangantaka da masar da ake soyawa a tanda. Uwargidan da ta saba jefa kanwa a tukunyar wake, ko ta tace ruwan toka don miya, ba za ta ga baƙon abu a nan ba.

Wannan dabara tana da amfani fiye da daɗin baki. Ita ce ke sa ƙullun ya yi danƙo ya haɗu, har a iya lanƙwasa tortiya ba ta karye ba, ita ce kuma ke ba ta ƙamshin da ya bambanta ta da sauran abincin masara. Sa'an nan a cikin masara akwai wani sinadarin bitamin mai suna niyasin wanda yake a ɗaure, jikin ɗan Adam ba ya iya cin moriyarsa sai ruwan toka ko na farar ƙasa ya kwance shi. Turawan Sifen da suka ci ƙasar Meksiko da yaƙi a shekarar 1521 sun kwashi masara sun kai Turai, daga baya ta bazu har Afirka, amma suka baro dabarar a baya, suna ganin al'adar talakawan da suka mallaka ce kawai. Sakamakon haka sai wata cuta mai suna felagira ta ɓulla a duk inda matalauta suka dogara ga masara tsurarta. Tana sa fata ta yi ta saɓa, ta kawo zawo, ta taɓa hankali, ƙarshe ta yi kisa. Wani likita ɗan Sifen, Gaspar Casal, ya bayyana ta a shekarar 1735, ta addabi manoman arewacin Italiya shekara da shekaru, a kudancin Amurka kuwa an ƙiyasta ta kama mutum miliyan uku, ta kashe wajen 100,000 tsakanin 1906 da 1940. Sai a shekarar 1937 wani masani mai suna Conrad Elvehjem ya gano cewa rashin niyasin ne sanadin. Watau abin da tsofaffin matan ƙauyukan Meksiko suke yi a bakin murhu tun kafin a haifi Annabi Isa, shi ne manyan likitoci suka yi shekara ɗari biyu suna lalube. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka in an ce ɗan shagon unguwa yana gasa tortiyarsa a gaban idon mai saye, ba ƙaramar magana aka yi ba. Ilmi ne mai tsawon tarihi yake riƙe da shi, irin wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta girmama a taronta na Nairobi a shekarar 2010, sa'ad da ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai takardar yabo ba ta ciyar da mai niƙa.

Abin da ke barazana ga wannan ilmi a cikin gida yake. A shekarar 1949 Roberto González Barrera da mahaifinsa suka kafa masana'antar da ta zama kamfanin Gruma, mai yin garin masara da ake kira Maseca. Shi ma garin nikstamal ne, amma an busar da shi an zuba a buhu, ruwa kawai za a kwaɓa shi da shi. Adalci ne a faɗi cewa ya sauƙaƙa wa mata wahala, domin a da mace kan kwashe sa'o'i a durƙushe a gaban dutsen niƙa kowace safiya, ya kuma sa tortiya ta isa inda babu injin niƙa. Amma sauƙin ya zo da tsadarsa. Tortiyar garin buhu ba ta da ƙamshin ta sabon ƙullu, in ta huce takan tsage, kuma ko a wane gari aka ci ta ɗanɗanonta ɗaya ne, alhali kuwa a da kowane yanki da irin masararsa da irin ɗanɗanonsa. Bayan da yarjejeniyar ciniki tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada ta fara aiki a 1994, gwamnati kuma ta janye tallafin tortiya a 1999, sai ƙananan manoma da masu injin niƙa na unguwa suka yi ta durƙushewa, garin buhu ya yi ta cin kasuwa. A shekarar 2024 hukumar da ke hana danniya a kasuwannin ƙasar ta bayyana cewa kamfanin guda yana riƙe da rabin cinikin garin, ko fiye da haka, a kowane yankin da ta bincika.

Mutanen ƙasar ba sa ɗaukar wannan magana da wasa. A watan Janairu na 2007, da kuɗin masara ya tashi a kasuwar duniya saboda Amurka na mayar da ita man mota, 'yan kasuwa kuma suka ɓoye tasu, farashin tortiya ya yi tashin gwauron zabi, dubban mutane suka cika titunan Birnin Meksiko suna zanga-zanga. Tilas Shugaba Felipe Calderón ya kira manyan 'yan kasuwa aka ƙulla yarjejeniyar tsayar da kilo ɗaya a kan peso takwas da rabi. A shekarar 2025 kuma aka gyara tsarin mulkin ƙasar don a haramta shuka masarar da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike. Ƙasar da ta sa maganar masara a cikin tsarin mulkinta, lalle mai gidan abinci a cikinta ba shi da hujjar da zai ce tortiya ƙaramin abu ce.

Ba shagon tako ne kaɗai gidan abincin unguwa ba. Akwai kuma abin da suke kira fonda, ɗan ɗaki mai tebur biyar ko shida, galibi mace ce ke da shi, ita da 'ya'yanta. Da rana tsaka, daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa la'asar, akan ba da abincin yini a kan kuɗi ƙayyadadde: a fara da romo, a kawo shinkafa, sa'an nan babban girkin ranar da wake da tortiya mai zafi a naɗe cikin ƙyalle, a rufe da ɗan abin zaƙi. Babu doguwar takardar zaɓi, abin da uwar ɗakin ta samo a kasuwa da safe shi za a ci. Masinja da akawu da makanike duk a nan suke haɗuwa. Bahaushen da ya shiga irin wannan wuri zai yi mamakin abin da zai tarar a cikin tulun gilashin da ke kan kanta. Jan ruwan nan da suke kira ruwan hamaika zoɓo ne, babu ko tantama, kuma mai yiwuwa ne ma daga gonakin Jigawa ko Kano ya fito, gama Meksiko na daga cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Nijeriya. Na kusa da shi ruwan tsamiya ne. Farin kuwa, mai suna orcata, da shinkafa da kirfa suke yin sa, amma a Sifen, inda sunan ya fito, da aya ake yi, watau kunun aya. Su kuma tumatir da barkono da Bahaushe ba ya miya sai da su, daga nahiyarsu suka zo, sunan tumatir ma daga harshen Nawatil na mutanen Aztek ya samo asali.

Abin da ke tsare ingancin abinci a fonda shi ne kunya. Matar da ke girkin ta san waɗanda za su ci, ta san iyayensu, gobe ma su za ta gani. In ta ba su ruɓaɓɓen nama, kafin magariba unguwa duka ta ji, ba ta kuwa da wasu masu saye da za ta koma gare su. Babban kamfani mai rassa dubu, wanda baƙon da ya shigo yau ba lalle ne ya sake dawowa ba, ba ya jin wannan nauyi. Lissafinsa a ofis ake yi, a kan kwabo nawa za a rage daga kowane faranti.

Ana ganin bambancin a fili in aka ƙetara iyaka zuwa Amurka. Cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoto a shekarar 2024 cewa kashi 11 cikin ɗari na gidajen abincin Amurka abincin Meksiko suke sayarwa, jihohin Kalifoniya da Tekzas ne kuma suka fi sauran jihohi yawan irin waɗannan gidaje. Da yawa daga ciki na iyalan baƙin haure ne da 'ya'yansu, waɗanda suka riƙe hannun iyayensu. Amma abin da duniya ta fi sani da sunan abincin Meksiko shi ne na kamfanin Taco Bell, wanda wani Ba'amurke mai suna Glen Bell ya kafa a Kalifoniya a shekarar 1962, da busasshiyar tortiyarsa mai ƙaras-ƙaras da niƙaƙƙen nama da cuku. Sau biyu kamfanin ya gwada shiga Meksiko, a Birnin Meksiko a 1992, da Monterrey a 2007, sau biyu kuma yana naɗe tabarmarsa, tamkar mutumin da ya ɗauki goro ya kai Gwanja. Mutanen da ke da mai tako a kowace kusurwa ba su ga abin da za su saya a wurinsa ba.

Sai dai kada son ƙaramin shago ya rufe wa mutum ido. Masu sukar irin waɗannan wurare suna da hujja guda mai ƙarfi, ita ce tsabta. Kwanon salsa da ke yini a buɗe a kan tebur, kowa na tsoma cokali, a cikin zafin rana, gida ne na ƙwayoyin cuta. A shekarar 2002 wasu likitoci daga Tekzas sun auna irin wannan miya a gidajen abincin birnin Guadalajara, suka tarar kashi biyu cikin uku na abin da suka ɗiba yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke nuna ƙazanta ta shiga. Hannun da ke karɓar kuɗi ya koma ya ɗauki tortiya, ruwan wanke faranti da ba a sauyawa, waɗannan duk gaskiya ne, kuma kunyar maƙwabta ba ta kashe ƙwayar cutar da ido ba ya gani. Wajibi ne ma'aikatan lafiya su riƙa zagayawa, su koyar, su hukunta mai taurin kai. Amma wanda ya ce girman kamfani shi ne maganin wannan, sai a tuna masa da Chipotle, mai rassa dubbai a Amurka, wanda a shekarar 2020 ya amince ya biya tarar dala miliyan 25 saboda abincinsa ya kwantar da mutum fiye da 1,100 tsakanin 2015 da 2018. In ƙaramin shago ya yi sakaci, layi ɗaya ne zai kwana da ciwon ciki. In babban kamfani ya yi, sai a ji shi a jihohi da dama a mako guda.

Akwai kuma batun amana, wanda ya shafi Musulmin da tafiya ta kai shi can, ko ya shiga gidan abincin Meksiko a wata ƙasa. Alade ya shiga girkinsu ƙwarai. Shahararren takon nan da ake kira al fasto, wanda ake gasa namansa a jikin sandar ƙarfe mai juyawa, daga shawarmar Larabawan Labanan da suka yi ƙaura zuwa garin Puebla ya samo asali, amma a hannun mutanen Meksiko naman rago ya koma na alade. Wake da ake dakawa a soya, da tortiyar alkama ta arewacin ƙasar, sau da yawa da kitsen alade ake yin su, ko da ba a ga tsoka ko ɗaya a ciki ba. A shago irin na San Rafael ma a kan ƙarfe guda ake gasa na sa da na alade. Mai tambaya ya tambaya tun kafin ya zauna. A nan ma ƙaramin wuri ya fi sauƙin sha'ani, domin wanda ya yi girkin yana tsaye a gaban mutum, ana kuma ganin tukunyarsa.

Babban abin tsoro ga shagon unguwa, bayan duk wannan, shi ne yabon kansa. Da labarin tauraron El Califa de León ya bazu, washegari layi ya miƙe a titi, 'yan yawon buɗe ido da masu ɗaukar hoto suka cika wurin, wanda ya saba tsayawa ya ci a cikin minti goma ya koma aiki sai ya tarar ba shi da wuri. Ko a lokacin ma tako ɗaya ya kusa dala biyar, kuɗin da ya yi wa lebura yawa. An taɓa ganin irin wannan a Singafo, inda wani mai sayar da shinkafa da kaza a rumfar kasuwa, Chan Hon Meng, ya sami tauraro a shekarar 2016, ya shiga buɗe rassa har a ƙasashen waje, a 2021 tauraron ya kuɓuce masa. Hannun da ya shekara ashirin yana gane zafin ƙarfe ba a raba shi gida goma. Mai shago da ya sami irin wannan ɗaukaka, in yana da hankali, sai ya tsaya a inda yake, ya riƙe mahaucinsa da mai niƙansa, ya kuma tuna da waɗanda suka ciyar da shi shekara hamsin kafin wani Bafaranshe ya san da zamansa.

A wasu unguwannin Birnin Meksiko, irin su Roma da Condesa, abin ya riga ya wuce nan. Baƙi daga Amurka da Turai, masu aiki ta intanet suna karɓar albashi da dala, sun cika su tun bayan annobar korona, kuɗin haya ya hau, tsofaffin mazauna suna tashi, fonda tana rufewa ana buɗe kantin shan kofi a wurinta. A watan Yuli na 2025 matasa suka yi zanga-zanga a kan haka, har aka farfasa gilasan wasu kantuna. Ɓarnar ba abin goyon baya ba ce, amma kukan yana da dalili. Tun a 2024 jaridu suka ba da labarin cewa wasu masu tako sun fara rage zafin barkonon salsarsu don kada baƙi su gudu, 'yan gari kuwa suna gunaguni cewa an mayar musu da miya ruwa. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Ya kwatanta da ranar da zai je wurin mai tsiren da ya saba, ya tarar an cire yaji daga ƙuli-ƙulin saboda wasu baƙi sun ce yana sa su tari.

Hukumomin ƙasar suna da abin yi, ba mai wuya ba ne kuwa. Tun da akwai dokar da ta tsara yadda ake yin tortiya da sayar da ita, sai a ƙara tilasta wa kowane shago ya rubuta a fili ko tasa ta sabon ƙullu ce ko ta garin buhu, mai saye ya zaɓa da saninsa, wanda ya sha wahalar jiƙa masara ya kwana yana jira kuma ya sami ladan wahalarsa a farashi. Majalisar birni ta dubi kuɗin hayar ƙananan shaguna a unguwannin da baƙi suka mamaye. Shi kuma mai shagon da ya ga baƙi sun yawaita a ƙofarsa, ba sai ya taɓa kwanon ja da na kore ba. Ya bar su yadda mahaifinsa ya bar masa, ya ƙara kwano na uku marar zafi, ya rubuta a jikinsa don baƙo ya gane. Kuɗin kwano ɗaya da 'yan tumatir ba zai karya shi ba, direban tasin da ya shekara talatin yana tsayawa a wurin da tsakar dare kuwa zai tarar da abin da ya zo nema.